Jaririn Magajin Gari

A watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a Batsari da Safana da maƙwabtansu na bakin dajin Rugu, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da mai a jarka, sai samari suka koma ga tsofaffin fina-finan da ke kwance a katin waya. A wata rumfar caji na tarar an kewaye kwamfuta, wani ɗalibi yana fassarawa. Cikin masu kallon akwai ɗan 'Yar Gamji, inda aka kashe manoma 18 a watan Mayun 2019, da wani dattijo daga Tsauwa, wadda ita da Dankar suka rasa mutum 30 a Fabrairun 2020, da yaran da iyayensu suka taso daga wajen Runka.

Fim ɗin na Amurka ne, Batman Returns, na shekarar 1992. Jaruminsa, Batman, mai bincike ne da ke shigar jemage, tun 1939 ake zana labarinsa. Garinsa Gotam.

Ana tsakiyar biki a dandalin garin sai ga wani ƙaton akwati an turo, kowa ya ɗauka kyauta ce. Yana buɗewa 'yan ta'adda suka fito, wasu da fenti a fuska, wasu na fesa wuta da baki, wasu a kan babura sanye da ƙoƙon kan ƙwarangwal. Suka farfasa shaguna, suka bi ta kan mutane. Shugabansu bai fito ba. Yana can cikin magudanar ruwa ta ƙarƙashin tsohon gidan namun daji, sunansa Fengwin. Tun yana jariri iyayensa suka jefar da shi don an haife shi da tawaya, ya tashi a cikin kwata, shekara 33 ke nan. An zalunce shi, wannan gaskiya ne, fim ɗin ma bai ɓoye ba.

Akwai kuma wani attajiri, Maks Shirek, mai babban kanti, kullum cikin kwat mai tsabta, yana raba kyauta a gaban 'yan jarida. Yana son gina tashar lantarki wadda a zahiri zuƙe wutar garin za ta riƙa yi, magajin gari kuwa ya ƙi sa hannu. Fengwin na riƙe da asirinsa, har da takardun da ya yayyaga ya zubar. Kowa na da abin da yake nema a wurin ɗan'uwansa, suka shirya.

Rannan magajin gari na jawabi, matarsa na gefe da jariri, sai wani ɗan ƙungiyar ya yi tsalle ya fizge yaron, ya faɗa ramin kwata. Uwa na kururuwa. Jim kaɗan sai ga Fengwin ya taso daga ramin nan da jariri a hannu, lafiya lau. Aka yi ta tafi. Magajin gari ya tsaya kusa da shi aka ɗauki hoto, jaridu suka buga a shafin farko. Babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi ɓarawo ya miƙa masa yaro cikin sauƙi haka, ko yadda ya san ramin da zai jira.

Da aka tambaye shi abin da yake so, ya ce shi dai asalinsa yake nema. Aka buɗe masa ɗakin ajiyar takardun haihuwa na garin, aka hana 'yan jarida shiga don kada a dame shi. Ya kwana yana rubutu. Ya je kabarin iyayensa, ya ce ya yafe musu, mutane suka yi ta share hawaye. Abin da yake rubutawa kuwa sunayen 'ya'yan fari maza ne na manyan gidajen Gotam, gida-gida.

Dattijon nan ya dafa ɗalibin. "Yaro, tsaya. Wa ya ba shi mabuɗin ɗakin?"

"Baba, manyan garin ne."

Ya gyaɗa kai, ya ce a ci gaba.

Mutum ɗaya ne bai yi tafi ba. Batman ya zauna da tsofaffin jaridu, ya gano cewa ƙungiyar nan a da 'yan wasa ne masu yawo gari-gari, kuma a garuruwan da suka sauka yara sun ɓace. Har tsohon baransa sai da ya ga kamar ya tsananta wa bawan Allah. Shirek kuwa ya tsayar da Fengwin takarar magajin gari, da dare yaran Fengwin na ƙona titi, da safe shi yana alkawarin kawo zaman lafiya. Suka ɗora wa Batman kisan wata yarinya, 'yan sanda suka juya bindiga kansa. Wannan wurin ya fi yi mini ciwo, ganin mai faɗin gaskiya yana gudu, mai satar yara yana kan mumbari.

Asiri ya tonu ne da Batman ya naɗi muryar Fengwin yana fariyar yadda ya yi wasa da hankalin garin, ya saka ta a lasifika ana tsakiyar gangami. Jama'a suka hau jifa. Shirek ya gyara kwat ɗinsa, ya sulale, daga baya ma ya shirya liyafa, manyan gari suka halarta. A daren liyafar ne yaran Fengwin suka bi gidaje da jerin kekunan keji, suna ɗiban 'ya'yan fari, kowane da sunansa a takarda. Batman ya tare su. Fengwin ya mutu a cikin kwatarsa, Shirek kuma sakatariyar da ya taɓa wurgowa ta taga ce ta kashe shi.

Wanda ya buɗe ɗakin takardu, da wanda ya tsaya aka yi hoto, da masu buga jarida, fim ɗin bai sake bi ta kansu ba. Har ya ƙare kowannensu na kan kujerarsa.