Masu Sayen Saunkad Iri-Iri Ne

Tun da waƙa ta koma cikin kwamfuta, duk saurayin da ya mallaki fiyanon Yamaha da ɗaki guda a Gagarawa ko Sule Tankarkar ya soma kiran kansa mai sutudiyo. Abin da ya rage masa shi ne saunkad, ɗan akwatin nan da ake jona wa makirufo da fiyano, shi kuma ya miƙa sautin ga kwamfuta ta wayar USB. A wajen sayensa ake gane halin kowa.

Akwai Sai Ja. Ya taɓa leƙa wani sutudiyo a Titin Gidan Zoo a Kano, ya hango jan akwatin Focusrite Scarlett a kan tebur, shi ke nan magana ta ƙare. Ko ka kawo masa baƙin Behringer da zai biya masa buƙata a kuɗi kaɗan, cewa zai yi, "Haba abokina, wannan ai ba ya fitar da murya." Kayan nasa mai kyau ne, ba musu. Sai dai da ya gama biya, ba sauran kuɗin makirufo.

Sai Mai Ramuka, wanda ya sayi mai rami takwas saboda 'yan amshi, alhali ɗan amshin nasa ƙanensa ne tilo, shi ma sai in ba a aike shi gona ba. Lissafin kuwa ba wuya: fiyano hagu da dama yake fitar da sauti, rami biyu ke nan, murya ɗaya. In kiɗa za ka fara ɗauka sannan ka ɗora murya, biyu sun ishe ka.

Ɗan Maigatari shi kasuwar ranar Alhamis ce ta rene shi. Zai ɗaga akwatin ya ji nauyinsa, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, saura kaɗan ya ce a buɗe masa baki ya ga haƙora. Ya taya, a ce albarka, ya yi kamar zai tafi, ya dawo. Daga ƙarshe ya yi nasarar sayen wani ƙaton na gwanjo a rabin kuɗi. Sai a gida ya gano tsohon yayi ne mai amfani da FireWire, kwamfutarsa kuwa ba ta da wannan rami. Yanzu da shi ake tokare ƙofa in iska ta taso.

Mai Tafi ya sayi V8, wanda aka yi domin masu hira kai tsaye a TikTok da waya. Maɓallai ne reras: na tafi, na dariya, na amsa-kuwwa. Da ya yi baiti ɗaya sai ya danna, jama'a su tafa masa. A duk ƙasar Gumel ba mawaƙin da ya kai shi samun yabo, kuma ba wanda ya taɓa jin waƙarsa ba tare da wani "shuuu" yana bin ta a baya ba.

Mai Komawa Kano ya jona makirufo irin na sutudiyo, shiru. Ya hau mota tun asuba, ya isa shago yana huci: "Malam, mataccen kaya ka sayar mini!" Yaron shago ya miƙa yatsa ya danna ɗan maɓallin da aka rubuta wa 48V, wanda ke ba irin wannan makirufo wuta, sai ga murya tar. Bayan kwana kaɗan ya soma jin muryarsa tana dawo masa a makare cikin kunne, har ya fara tunanin neman tofi. Jinkirin kwamfuta ne kawai, kuma maganinsa na jikin akwatin: maɓallin da ke jiyar da mutum muryarsa kai tsaye.

Malam Lissafi ba ya magana sai da lambobi. In ba 192 kHz ba, ba ya ɗaukar murya, ko da yake faifan CD a kan 44.1 ya yi zamaninsa. Na'urar tasa kuwa ba ta ha'inci: kukan jakin maƙwabta, injin markaɗe da gurnanin janareto, duk ta kwashe su tsaf. A ƙarshe waƙar ta bi WhatsApp, a saurare ta a fasasshiyar waya wajen mai shayi.

Na ƙarshe ba ya shiga musun majalisa. Mai rami biyu ya saya. Yakan jira gari ya yi tsit bayan isha'i, ya rataya bargo a bango, ya zare caja don ƙugin wuta ya ɗauke, ya rage murɗin sauti kafin fitilar akwatin ta yi ja, ya maimaita baiti har ya zauna. Waƙarsa ake sawa a biki. Da hantsi za ka tarar da sauran a ƙofar gidansa, kowa da baitinsa a takarda, Ɗan Maigatari a gaba yana neman ragi.