Tirelar Kwanan Daji: Gyaranta, Kayanta da Janta

Tirelar kwanan daji ƙaramin ɗaki ne mai ƙafa biyu wanda ba shi da inji, sai an ɗaura shi a bayan mota a ja. A cikinsa akwai makwanci da ma'ajiyar ruwa da abinci, kuma an yi shi ne don mutum ya kwana inda babu wutar lantarki, babu famfo, babu maƙwabci. A Ingila aka fara yin sa don nishaɗi. A 1885 wani likita mai suna William Gordon Stables ya sa aka ƙera masa ɗaki mai ƙafafu wanda dawaki ke ja, ya shiga yawon shan iska da shi, kuma zuwa 1907 masu irin wannan sha'awa sun yi yawan da suka kafa ƙungiya. Wani Ba'amurke, Wally Byam, mai kamfanin Airstream, ya jagoranci ayarin tireloli a 1959 daga Cape Town har Alƙahira. Turawa sukan tara kuɗi shekara guda don su je su yi mako ɗaya babu wuta babu famfo. A Bilbis, cikin ƙaramar hukumar Tsafe ta jihar Zamfara, irin wannan hutu yakan iske mutum har kan gadonsa, kuma ba a biyan ko sisi.

Kwanan daji kansa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun yi ta kwana a zango ƙarƙashin madugu, manoma kuma sukan kafa bukkar kara a gona da kaka don gadin dami. Amma waɗannan duk buƙata ce ta fitar da su. Mai tirela shi kaɗai ne ke barin ɗaki mai rufi ya tafi jeji ba tare da an kore shi ba, shi ya sa aikin farko a gyaran tirela shi ne yi wa iyali bayanin dalili. Wannan aiki ba ya ƙarewa, sai dai a ci gaba da sauran ayyukan ana yin sa. Misalan da ke tafe an ɗauko su ne daga tirelar wani malamin makaranta a Bilbis wanda ya roƙi a sakaya sunansa, ko da yake rubutun hannunsa ya yi kama sosai da na mai wannan bayani.

Tsohuwar tirela akan same ta wajen 'yan gwangwan, galibi wadda ta taɓa ɗaukar janareta ko tankin ruwa. Abin dubawa na farko shasi ne. A ƙwanƙwasa shi da guduma: ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ya zubo da ɓarɓashi. Dillali zai ce kwanciya kawai ta yi, kuma gaskiya ya faɗa, abin da bai faɗa ba shi ne tun wane gwamna. Abu na biyu, a bincika ko akwai masu haya a ciki kafin a cusa kai. Duk akwatin da ya daɗe a rufe a inuwa, rina na sonsa. Malamin Bilbis ya duba shasi bisa ƙa'ida, sannan ya leƙa ta taga don ganin rufi, kuma a makon nan da ido ɗaya ya koyar da darasi.

Daga nan sai ƙafafu. A ɗaga tirela da jak, a kama taya a girgiza. In tana rawa, ƙwallayen ƙarfen da ke cikin cibiyarta sun ci. A fito da su a wanke da kananzir, a canja waɗanda suka ƙoƙe, a cika giris, a ɗaure babban noti har ya kama sannan a ɗan sassauta don ƙafa ta juya, a soke shi da fil. Taya kuma tana ɗauke da shekarunta a jikinta: akwai lambobi huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Wadda aka rubuta wa 2309 an yi ta ne a mako na 23 na 2009, komai baƙin da mai sayarwa ya shafa mata. Araha ba ta ado, kuma mai faci na bakin titin Tsafe ya san haka fiye da kowa, don da ita yake ci.

Jikin ɗakin aikin mai walda ne da kafinta. Ramukan kwano a toshe su kafin damina, falankin ƙasa a shafe shi da baƙin mai saboda gara. Babbar matsala zafi ce. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a Zamfara yakan haura digiri 40, akwatin kwano kuwa in aka rufe shi da azahar tanderun burodi ne mai ƙofa. Maganinsa taga biyu masu fuskantar juna, da raga saboda sauro, da silin a ciki, da zana ko asabari a bisa rufi, a bar tazara tsakani don iska ta ratsa. Tagogin a yanka su kafin a shigar da katifa. Katifar soso da tartsatsin walda ba sa zama ɗaki ɗaya, kuma katifar da aka yi wannan gwaji da ita a Bilbis ta ɗakin uwargida ce, aro aka karɓo ta.

Wuta ita ce sashen da ya fi son lissafi. Kayanta huɗu ne: farantin sola, da na'urar da ke daidaita caji, da batir, da fis wanda ake sa wa dab da kan batirin. Bilbis tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka faranti ya fuskanci kudu da ɗan karkata kaɗan, yadda ruwa da ƙura za su riƙa zubewa. Faranti mai wat 100, in ya sami rana mai ƙarfi ta awa biyar, a takarda zai tara awoyin wat 500. A zahiri zafi da ƙura da doguwar waya sukan ci rabonsu, sai a dogara da 350 zuwa 400. Da hunturu, in hazo ya sauka kuma ba a goge faranti ba, abin ya fi haka raguwa. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe 1200, amma rabi kawai ake taɓawa in ana so ya yi shekaru. Kuma a yi masa akwati mai huda zuwa waje, don yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji.

Sai a jera abin da zai ci. Ƙwan fitila mai wat 5 na awa huɗu ya ci 20. Ƙaramar fanka mai wat 15 da za ta kwana tana juyawa awa takwas ta ci 120. Cajin waya ɗaya bai wuce 10 zuwa 15 ba. Jimla ba ta kai 200 ba, wato akwai rara mai yawa, kuma malamin ya ja layi biyu a ƙarƙashin wannan sakamako. Abin da littattafan Turai ba su sa a lissafi ba shi ne maƙwabta. Ranar da fitila ta fara kamawa, kafin la'asar labari ya kai bakin kasuwa. Da farko yaro ne zai zo: «Wai in ji Baba a sa mashi wagga ta ɗan taɓa.» Sai na liman, wanda ba a ce masa a'a. Sai na surukai, da na abokan surukai, da fitilar hannu, da rediyo, da wata waya mai fasasshiyar fuska da babu wanda ya san mai ita. Rarar 200 ba ta wuce waya goma sha uku zuwa ashirin ba, unguwa kuwa ta fi haka. In magariba ta yi, kowane gida a layin yana da caji, fankar mai tirela ce kawai ba ta juyawa.

Dutsen guga yana jan wat 1000 ko fiye, saboda haka ba shi da hurumi a nan. Wannan sai an faɗa wa ƙanen uwargida baki da baki, musamman ranar Juma'a. In fis ya ƙone, aikinsa ya yi, a sayo wani. Masu naɗa zaren waya a gurbinsa sun mayar da wayar ɗakin gaba ɗaya fis, ita kuwa a cikin bango take ƙonewa.

Girki a waje ake yi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska marar wari marar launi wadda ke kashe mai barci, kuma a wannan babu wasa ko da sanyin Janairu ya kai inda ya kai. Ruwa kuwa nauyi ne: lita ɗaya kilo ɗaya, jarka mai lita 25 kilo 25, huɗu sun kai buhun masara. Inda aka ajiye su shi ne magana. Ƙa'ida ita ce kaya masu nauyi su zauna ƙasa, bisa ƙafafu ko ɗan gaba da su, yadda wajen kashi goma cikin ɗari na nauyin duka zai sauka a kan hancin tirela. In baya ya fi nauyi, a kan titi za ta riƙa kaɗa gindi har ta kwashi motar. In kuma a tsaye take ba a ɗaure ba, abin ya fi sauri. Malamin ya jera jarkokinsa a baya kusa da ƙofa don sauƙin ɗiba, ya shiga ya rufe, ya taka zuwa wajensu don ya ƙirga. Hanci ya tashi sama, baya ya dira ƙasa, ƙofa ta kafe a cikin turɓaya. Ya sami kansa zaune a kan ƙofar, jarka a cinya, buta a kafaɗa, tabarma ta sauko ta lulluɓe shi, ruwa yana bin wandonsa a hankali. Ta tagar da aka yanka don iska ya yi ta sallama. Uwargida ta fito da muciya a hannu, ta zagaya tirelar sau ɗaya, ta tsaya saitin taga.

«Malam, an isa dajin ne?»

Yara ne suka rataya a hancin suka sauko da shi, kuma sun so a sake. Tun daga nan ake sa turke a ƙarƙashin baya kafin kowa ya shiga.

Batun ja yana buƙatar mahaɗi mai ƙarfi, da sarƙa ta biyu ko da na farko ya kwance, da fitilun baya masu aiki, da mota. Wannan na ƙarshe akan manta da shi har sai an gama fenti. Malamin babur gare shi. Direban a-kori-kura da aka nema ya dubi tirelar, ya dubi mai ita, ya faɗi kuɗin da ya fi na sayenta. Saura bijiman noma na kawunsa, waɗanda suka saba da amalanke. Mai walda ya ƙara wa hancin doguwar sanda ta kai karkiya, abin ya zauna daidai. Kawu ya ba da su da sharaɗi: «Ɗana, shanun ga hanya biyu suka sani, ta gona da ta gida. In ka ga rana ta karkata, kada ka yi gardama da su.» An yi gardamar, shanu suka yi nasara, kuma tafiyar gwaji ta ƙare a garken Kawu, inda tirela ta kwana tsakanin turaku, mai ita ya koma gida a ƙasa.

Wurin sauka a zaɓi tudu, a guji kwari da gadon rafi, don da damina ruwan da aka yi a nesa yakan iso ba tare da hadari ba. Ɗaki yana son inuwa, faranti yana son rana, sai a raba su da doguwar waya mai kauri. Ƙasar nan ba ta rasa wuraren da suka dace: ga gindin dutsen Kwatarkwashi, ga bakin gulbi wajen Bungudu. Sai dai shekaru ke nan dajin wannan yanki ba wurin kwanan mai shan iska ba ne, saboda 'yan bindiga. Manoma da yawa gonakinsu na nesa ma sun gagare su. A 2021 har rufe kasuwannin mako aka yi a jihar, aka hana sayar da fetur a jarka, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya. Don haka da maganar ta je kunnen mahaifiyar malamin, hukuncinta bai ɗauki lokaci ba: dajin da ta yarda da shi shi ne kangon bayan gida, inda in ta yi kira zai amsa.

Kango ma yana da ƙa'ida. In akwai gangare, a danne kowace taya da dutse gaba da baya, kuma a sake dubawa kafin a kwanta, domin dutse mai kyawun zama abin nema ne ga duk yarinyar da aka aika ta haɗa murhu. Jaki kuma in ya ga kusurwar ƙarfe cikin dare, susa yake zuwa yi. Tirelar da aka zare wa duwatsu, jaki ya jingina da ita, tana tafiya a hankali yadda mai barci ba zai farka ba, turken baya kuma faɗuwa yake ya ba ta hanya. Gangaren kangon ya miƙe ne zuwa masallacin unguwa. Masu fitowa sallar asuba sun iske ɗaki a inda jiya babu ɗaki, ya tare rabin ƙofa, mai shi yana minshari a ciki. Ladan ya ƙwanƙwasa kwano ya ce ai Malam yau ya riga kowa. Jama'a suka yi ta yaba wannan himma har wajen mako guda, ba a kuma yi musu gyara ba.

Kulawar yau da kullum ba ta da yawa. A goge faranti da safe kafin ya yi zafi, a duba ruwan batir a ƙara masa tataccen ruwa irin na batir, a leƙa ƙarƙashi saboda gara da kunama. In tirela za ta daɗe a tsaye, a ɗora shasinta a kan bulo don taya ta huta, a rufe tayoyin daga rana. A Bilbis an yi hakan, sai dai bulon an haɗa shi da siminti bisa umarnin uwargida, an faɗaɗa taga ɗaya ta koma kanta, kuma cajin waya yanzu da kuɗi ne, har na mai tirelar.