Risala a Kan Ilimin Hangame Baki

Ka sani ya kai ma'abocin haƙora, masana sun yi ittifaƙi a kan cewa bakin baligi yana ɗauke da haƙora 32 idan ba a yi masa ɓarna ba, na yaro kuwa 20. Inda suka yi saɓani shi ne ranar da ya kamata a kai waɗannan haƙora gaban likita. Mazhabar farko, wadda ta likitocin ce da kansu, ta ce sau ɗaya ko biyu a shekara, ko da babu inda ke ciwo. Mabiyanta ba su da yawa, kuma akasarinsu 'ya'yan likitocin ne. Mazhaba ta biyu, wadda ta fi rinjaye tun daga Zariya har Damagaram, kuma ita marubucin wannan risala ya bi shekara 40 da 'yan kai, ta gindaya sharuɗɗa uku kafin a je: kunci ya kai girman curin fura, ido ya yi kwana uku bai ga barci ba, sannan a gama gwada duk abin da maƙwabta suka miƙo ta kan katanga.

Babin tsutsa

Tushen wannan ilimi tsutsa ce, don haka da ita za mu fara. Kowa ya san akwai tsutsa a cikin haƙori mai kogo, ko da yake har yau ba a samu wanda ya gan ta tana shiga ba. Kada Bahaushe ya ɗauka shi ya gano ta. Mutanen Babila sun rubuta labarinta a kan allunan yumɓu, kuma a ƙarni na farko na Miladiyya wani likitan Rum mai suna Scribonius Largus ya ba da laƙanin korarta: a zuba 'ya'yan wani tsiro a kan garwashi, majinyaci ya hangame baki hayaƙin ya shiga. Na ga jikan wannan laƙani da idona a bakin wata tasha. Mai maganin ya sa wani bawan Allah ya sunkuya a kan kasko, ya lulluɓe shi da zane, can sai ga wasu 'yan fararen abubuwa suna iyo a kwanon ruwa. Aka ƙirga, guda 7. Jama'a suka ɗauki salati. Abin da ba a gaya wa jama'a ba shi ne, 'ya'yan tsiron ne ke fashewa idan sun ji wuta, ɗan silin da ke cikinsu ya fito a lanƙwashe. Majinyacin ya biya, ya tafi gida da tsutsotsi 7 a leda da ciwonsa guda a baki.

Bafaranshen nan Pierre Fauchard, wanda ya wallafa littafinsa a kan haƙori a 1728, ya duba iya dubawarsa bai ga tsutsa ba. Sai a 1890 wani Ba'amurke mazaunin Jamus, Willoughby Miller, ya bayyana mai laifin na ainihi. Ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a baki ba su biyan haya, suna cin sukarin da ka ci, suna yin bahayar asid a kan haƙori. Asid ɗin ne ke narkar da ɓawon haƙori, wanda duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri, har ƙashi. Da zarar bango ya tsage kuwa, ƙadangare ya samu wurin shiga. Ra'ayina a nan shi ne ba a yi wa magabata adalci ba. Sun ce akwai wani ƙaramin abu mai rai da ke cin haƙori, kuma akwai shi. Girmansa kawai suka yi wa ƙari.

Babin kujera

Idan sharuɗɗan nan uku suka cika, sai a yanki kati a zauna a benci. Bencin sashen haƙori ya sha bamban da sauran bencinan duniya, domin a nan kaɗai Hausawa 20 za su zauna awa biyu ba a yi hirar siyasa ba.

Kujerar likita kuwa takan kwantar da mutum ba tare da neman izininsa ba, a haska masa fitila a fuska kamar wanda aka kama a rumbun wani. Daga nan aikinka a wannan fanni guda ɗaya ne rak, wato hangame baki. Likita zai shiga da ɗan madubi mai mariƙi da wani ƙarfe mai kama da ƙugiya, yana ƙwanƙwasa haƙora yana kiran lambobi, malamar jinya tana rubutawa. Kowane haƙori yana da lambarsa. Wanda aka ƙwanƙwasa ƙafarka ta tashi sama da kanta, shi ake nema.

Mas'ala: idan likita ya cusa maka yatsu biyu da madubi da auduga, sannan ya ce, "Malam, ya iyali, ya aka ji da zafin garin?" shin amsawa ta wajaba a kanka? Ƙauli mafi inganci shi ne ka ɗaga gira. Ni na yi ƙoƙarin cewa "Lafiya lau, Likita," abin da ya fito sai da malamar jinya ta juya ta fuskanci bango.

Sau da yawa za a ɗauki hoton haƙorin, saboda fiye da rabinsa a binne yake. Kada ka yi ƙorafin an sa ka cije wani ɗan faifai. Bajamushen da ya fara ɗaukar hoton nasa haƙoran a 1896, Otto Walkhoff, minti 25 ya yi ba motsi. Naka ba ya cika daƙiƙa guda.

Mafi sauƙin hukuncin da za a yanke maka shi ne wanki. Dauɗar da buroshi ya tsallake takan daskare ta zama tsakuwa a gindin haƙora, musamman bayan na gaba na ƙasa, kuma babu asuwakin da zai iya da ita. Ita ke haddasa kumburin dasashi da zubar jini da warin nan mai sa abokin hira ya riƙa ja da baya cikin ladabi. Za a farfasa ta da wani ɗan ƙarfe mai kaɗawa yana fesa ruwa, ka yi kwana biyu ko uku kana jin haƙora sun mutu kamar ka sha tsamiya. An samu malaman benci da suka yi fatawar cewa wanki yana buɗe giɓi. Amsarsu ita ce giɓin yana nan tuntuni, tsakuwa ce ta yi masa yaɓe. Wanda ya kwashe juji daga lungu ba shi ya faɗaɗa lungun ba.

Babin allura da abin da ke biye da ita

Duk fargabar mutane a kan allura take, alhali ita ce kaɗai masoyiyarka a ɗakin. Kafin zuwanta, a Turai ma wanzamai ne ke cire haƙori, kayan aikinsu awartaki da ƙato guda mai danne kafaɗa. A 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya shaƙi iskar da ake kira ta dariya, aka cire masa haƙori bai ji ba. Da ya je nuna wa ɗaliban likitanci a Boston, majinyacin ya yi ƙara, ɗaliban suka yi wa Wells ihu. Ruwan da aka fi zuƙowa a sirinji yau, lidoken, a Suwidin aka haɗa shi a 1943.

Sukar ta 'yan daƙiƙoƙi ce. Bayan minti biyar za ka rantse leɓenka ya zama na raƙumi ya zubo har ƙirji, in ka duba madubi kuwa yana nan yadda Allah ya yi shi. Wajibi ne ɗalibi ya rarrabe tsakanin zafi da turi. Allura tana kashe zafi, amma za ka ji ana dannawa ana jijjigawa. Idan zafi ne na gaske, ɗaga hannu a ƙara maka, don ba a taɓa naɗa wa kowa sarauta ba saboda jarumtar da ya nuna a wannan kujera. Takan yi awa biyu zuwa huɗu kafin ta sake ka, kuma a tsakanin nan ba a shan abu mai zafi, ba a tauna. A sa ido a kan yara, sukan ciji leɓen don su ji ko nasu ne. Ni ruwa na sha a gaban surukina, rabinsa ya bi ta gefen baki ya sauka a babbar riga, ya ce, "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi," da murya irin ta wanda ya fara tunanin makomar 'yarsa.

Idan kogon bai yi zurfi ba, ciko za a yi. Injin yana da kuka irin na sauron da ya ƙoshi, da shi ake kankare ruɓaɓɓen wurin, sannan a toshe. Cikon iri biyu ne a mafi yawan wurare. Akwai mai launin azurfa, wanda kusan rabinsa zaiba ce, yana da ƙarko amma yana son a ɗaga masa ƙafa kwana guda kafin a kai masa ƙashin kaza. Akwai fari mai kalar haƙori, wanda ake haska wa shuɗiyar fitila ya daskare nan take. In ka koma gida ka ji cikon yana riga sauran haƙora haɗuwa, koma a rage masa tsawo, aikin minti biyar ne.

A nan ne mabiya mazhaba ta biyu suke da wata karama da suke alfahari da ita. Haƙori ya yi sati yana zugi, ran nan sai a wayi gari shiru, sai a ce kanumfari ya yi aiki. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin sun gama da falo sun wuce uwar ɗaka, nan gaba kaɗan ruwa zai taru a ƙarƙashin saiwa, kunci ya tashi. Idan kumburin ya doshi ido ko maƙogwaro, ko haɗiya ta yi wuya, ba a jiran wayewar gari. Haƙorin da ya kai wannan matsayi ana iya cetonsa da aikin jijiya: a huda shi, a share ramukan saiwarsa da wasu ƙananan allurai, a wanke, a cusa ƙaron wata bishiya ta ƙasashen Malesiya, yawanci a zama ɗaya ko biyu, sannan a sa masa hula don kada ya tsage. Daga ranar ya zama gidan da maigidan ya ƙaura, gini yana nan daram amma ba mai amsa sallama. Kuɗinsa ya ninka na ciko sau da yawa, shi ya sa a daidai wannan gaɓa majinyaci kan ce, "Likita, a cire kawai kowa ya huta."

Cirewar ba ta taɓa ido, ko na sama aka cire, duk da abin da gwaggo ta faɗa. Ba kuma fizga ake yi ba. Girgiza shi ake yi gaba da baya kamar mai tumɓuke rogo har ƙasa ta saki. Za a ba ka auduga ka cije rabin awa. Gudan jinin da zai kwanta a ramin shi ne maigadi, kuma abubuwan da ke korarsa a ranar farko sanannu ne: yawan tofar da yawu, kurkure baki da ƙarfi, zuƙar lemo da tsinke, taba, koko mai zafi, da ziyarar da harshe ke kai wa wurin duk bayan minti guda don ya yi jaje. Mai alwala ya sa ruwa a hankali ya bar shi ya zubo da kansa. Bayan awa 24 sai a fara ruwan ɗumi da gishiri. Wanda ya kori maigadi, wajen kwana na uku ƙashi zai bayyana a fili, ya gane cewa ciwon da ya kawo shi ashe gaisuwa ce.

Giɓi kuma ba ya zama shi kaɗai. Maƙwabta sukan kwanto cikinsa, na sama ya zuro kai yana neman abokin karonsa. Ana cike shi da haƙorin roba mai cirewa, ko gada da ke dogara da na gefe, ko dashe. Shi dashe zomo ne sanadinsa: a 1952 Per-Ingvar Brånemark na Suwidin ya sa ƙarfen titaniyom a ƙashin ƙafar zomo, da ya zo cirewa ya tarar ƙashi ya rungume shi, a 1965 aka yi wa mutum na farko. Yana cin watanni kafin ya kama, yana cin aljihu nan take. Haƙorin Makka ba ya cikin wannan babi, shi shaida ce, ba magani ba.

Tanbihi

Saura babin da ya fi kowanne rashin daraja saboda arharsa. A goge baki sau biyu a rana, minti biyu, na dare ya fi muhimmanci don yawu yana raguwa a barci. A duba makilin, wato duk wani man goge baki ko wane kamfani ya yi shi, a tabbata yana da fuloraid. A tofar da kumfar, kada a bi ta da ruwa. Buroshi mai laushi ake so, a sauya shi duk wata uku. Mu kuwa mun fi yarda da mai taurin da zai iya wanke tayar mota, mu haɗa da gawayi, dasashi ya yi ta ja da baya. Asuwaki yana aiki ƙwarai idan an bi da shi kowane lungu, amma mafi yawanmu haƙoran dariya muke gogewa mu bar turame a duhu. Sukari kuma yawan zuwansa ya fi yawansa ɓarna, don duk kurɓa ɗaya takan ba ƙwayoyin nan kamar rabin awa na aiki. Wanda ya wuni a teburin mai shayi ya ɗauke su aikin dindindin ke nan. Iyaye su lura da turmin da ke fitowa can baya wajen shekara 6 ba tare da wani ya faɗi ba. Na girma ne, ba na nono ba, kuma ba shi da magaji.

Marubucin wannan risala ya kammala ta da haƙora 29 da hula guda. Mai karatun da ya kawo nan yana dafe da kunci, don Allah ya ajiye risalar ya tari adaidaita sahu, da sassafe ake ba da kati.