Zuwa Ga Hajiya Katafila Ta Birnin Detroit

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan haƙoranki na ƙarfe suna nan lafiya, na rubuto ne in taya ki murna. A duk Detroit ban san wani ma'aikaci da bai taɓa rasa aiki ba sai ke. Masu ƙera motoci an sallame su, birnin da kansa ya durƙushe gaban kotu a 2013 ya ce ba zai iya biyan bashi ba, ke kuwa kullum kina kan hanya, ana yi miki feshin ruwa kada ƙura ta dame ki.

Ai dole. Garin da ya ɗauki mutum miliyan 1.8 a 1950, a 2020 bai cika dubu 640 ba. Gidajen kuwa ba su bi masu su ba. Da rikicin bashin gidaje na 2008 ya zo, bankuna suka yi ta ƙwace na waɗanda suka kasa biya, wani lokacin ma su fara shari'ar, mai gida ya kwashe kayansa, su kuma su ga gidan bai kai wahalar ba su watsar. Sai kango ya zauna ba uwa ba uba.

Kin fi ni sanin abin da ke biyo baya, tunda ke kike zuwa jana'iza. Daren farko 'yan jari-bola su zare wayoyi da bututun tagulla, su ɗauke tukunyar ɗumama ɗaki. Hunturu ya shigo, ruwa ya daskare ya fasa sauran bututun, ƙasan gida ya zama tafki. Katakon da aka toshe taga da shi ya ruɓe, bishiya ta leƙo ta rufi. Tsohuwar da ke maƙwabtaka, wadda ba ta ci bashin kowa ba, ita ce take yanke ciyawar kangon don kada ɓeraye su yi mata ƙaura.

Abin da nake so in tambaye ki, Hajiya, shi ne wa ke yi miki cefane. Gwamnatin tarayya ta ware wani asusu don taimaka wa masu gida kada a kore su, daga baya aka halatta taɓa shi don rusau, ke kika lashe kusan dala miliyan 265 daga ciki. A 2020 mutanen gari suka kaɗa ƙuri'a aka ciwo bashin wasu miliyan 250, yawancinsu na bakinki. A shekarar ce kuma jaridar Detroit News ta bankaɗo cewa tsakanin 2010 da 2016 an ɗora wa masu gidaje harajin da ya zarce ƙa'ida da aƙalla dala miliyan 600. Wato a ƙiyasta gidanka sama da darajarsa, ka kasa biya, ƙaramar hukumar Wayne, wadda Detroit ke cikinta, ta kai shi gwanjo inda ake iya farawa daga dala 500, wani ɗan kasuwa da bai taɓa taka unguwar ba ya saya ta intanet ya manta da shi, sannan a kira ki a biya dubbai ki baje. Ko a kasuwar ƙauye, wanda ya yi irin wannan ciniki sai an kai shi wurin malam a yi masa rubutu.

Na san za ki ce ba ke kike rubuta takardar haraji ba, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Gaskiyarki. Kuma wasu kangayen, waɗanda gobara ta riga ta cinye, ba mai kukan rabuwa da su. Hukumar filayen birnin ma tana ƙoƙari: tana sayar da wasu gidajen da sharaɗin a gyara cikin wata shida, filin da kika share kuma maƙwabci ya saye shi dala 100.

Roƙona ɗaya. In kin isa layin tsohuwar nan, ki bi a hankali ta gefen katangarta, ta shuka tumatir a wurin.

Naki mai kallo daga nesa.