Firaministan Janar Malloum

"Ranar 13 ga Afrilu 1975 da sojoji suka kashe Shugaba Tombalbaye, Janar Félix Malloum yana kurkuku," in ji wani dattijo, yana jiran shayi na biyu a majalisarsu ta unguwar Gardolé a Injamena. "Tun 1973 aka ɗaure shi, wai da hannunsa a wani asiri da aka yi da baƙin rago don a kifar da gwamnati. Bai harba ko harsashi ɗaya ba. Wasu suka yi aikin, suka buɗe masa ƙofa, suka ɗora shi a kan Chadi."

Kowa ya natsu, har Alhajin da matasan 'yan kasuwa suka tsaya wa bara ya zama shugaban ƙungiya, wanda kwanan nan ya ɗauko tsohon abokin gabarsu ya naɗa mataimaki.

"Bai shekara ba ya sallami sojojin Faransa. Da 'yan tawayen arewa suka matso a 1978, shi ya sake kiransu. Sai tsoro ya ba shi shawara: ya jawo Hissène Habré daga daji, a watan Agusta ya ba shi firaminista, don ya tare masa Goukouni, jagoran 'yan tawayen. Habré kuwa ya shigo gari da dakarunsa, bai ajiye bindiga ba."

"Baba, ai sulhu alheri ne," in ji Alhaji.

"Ƙwarai kuwa, ɗana, in an yi shi da sanin mutanen gida. Amma wanda ya ba kura ajiyar garke, kada ya tsaya ƙirgen awaki. A Fabrairu 1979 shugaba da firaministansa suka buɗe wa juna wuta a tsakiyar Injamena, talakawa suka yi ta tsallaka kogi zuwa Kuseri. A Maris aka zauna a Kano, Malloum ya sa hannu ya sauka. Shekara 23 ya yi a Najeriya, sai 2002 ya dawo, ya rasu a Paris a 2009. Habré kuma ya hau kujerar a 1982."

Wani yaro ya ce, "Baba, wa kake nufi?"

"Malloum mana. Kai dai zuba wa Alhaji shayi. Jibi yana da taro da mataimakinsa, kuma na ji ba a gayyaci kowa a cikinku ba."