Mai Ido Uku Ta Zo Majalisa

A majalisarmu ta gindin darbejiya, inda teburin mai shayi ya zame mana fada, musu ma kaka gare shi kamar mangwaro. Akwai kakar ƙwallo, lokacin da mutumin da bai taɓa wuce Zariya ba zai daki ƙirji ya ce "mun sayi ɗan wasa". Akwai kakar siyasa, wadda kan raba mutum da surukinsa. Sai kuma watan Satumba, watan da kamfanin Apple ya saba fito da sabuwar iPhone, mu kuma mu tattara hankalinmu kaf mu aika Amurka, mu bar gangar jiki a kan benci tana jiran shayin bashi.

Wadda ta fi tayar mana da ƙura ita ce ta 2025, iPhone 17 Pro Max, musamman mai ruwan goron nan. A Amurka daga dala 1,199 kuɗinta ya fara. Kafin ta hau jirgi ta sauka, ta gaisa da 'yan kwastan, ta ratsa hannun dillalai, ta haura naira miliyan biyu. Wato mai karɓar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000, sai ya yi sama da shekara biyu bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, sannan ya riƙe ta. Wannan lissafin bai hana mu komai ba. Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa, amma ba wanda ya hana mutum ya zauna a ƙasan ya yi musu a kan tsawonta.

Zakarun musun biyu ne. Na farko shi ne wanda muke kira Ɗan Gayu, limamin 'yan iPhone. Wayar da ke aljihunsa fuskarta ta tsage kamar ƙasar fadama da rani, an ɗaure bayanta da robar ɗaure kuɗi, kuma ba ta haɗa ko kaka da Apple ba. Na biyu Injiniya, wanda ya samu wannan sarauta tun ranar da ya gyara fankar masallaci ta yi kwana biyu tana juyawa. Shi ɗan Samsung ne na a-mutu, ko da yake tasa wayar sai an danne wayar caji da dutse take yarda ta sha wuta.

Injiniya mutumin lamba ne. Da an zauna zai fara zuba: "Megafiksel 200! Tun 2023 Samsung ta sa kyamara mai megafiksel 200 a S23 Ultra. Ku kuna ina?" Wata rana Baba mai gadi, wanda ba ya shiga musu sai an taka masa tabarma, ya ɗago kai ya ce, "Yaro, shi wannan abin da mudu ake auna shi ko da tiya?" Injiniya ya buɗe baki, ya rufe, ya ce abu ne na kimiyya. Ni da na ɗan leƙa boko na san hoto ɗigo-ɗigo ne aka jera, kowane ɗigo miliyan ɗaya shi ne megafiksel guda. Na kuma san duk hoton da muke ɗauka ƙarshensa WhatsApp, shi kuwa matse hoto yake yi kamar mai tatsar lemo kafin ya tura, ta yadda ɗigo miliyan 200 da ɗigo miliyan 12 duk za su isa wayar gwaggo a ƙauye kamanninsu ɗaya. Ban faɗa ba. Mai neman zaman lafiya a majalisa ba ya kawo ilimi wurin da ake musu.

Ɗan Gayu shi bai san lamba ba, kuma bai damu ya sani ba. Hujjarsa ɗaya ce tak: aji. "Mutumina, iPhone fa ba waya ba ce, matsayi ce. Ka shiga ofis ka ajiye ta a tebur, ko ba ka yi magana ba ta yi maka." Gaskiyarsa ta nan. Ku lura da masu ita a wurin ɗaurin aure ko walima: ba sa ajiye ta a rigingine. Kife ta suke yi, idanun nan uku suna kallon sama kamar murhu mai jiran tukunya, don wanda bai gani ba ya gani. Akwai masu ɗaukar hoto a gaban madubi, fuskarsu ba ta fito ba, wayar ce ta fito. Hoton wa aka ɗauka, Allah masani.

Idan musu ya yi zafi sai a koma tonon asiri, kuma nan ne nake jinjina musu, don tarihin kamfanonin nan sun haddace shi fiye da sunayen kakanninsu. Injiniya zai ce a 2016 Apple ta toshe ramin abin saƙalawa a kunne, a 2020 ta cire kan caja daga kwali, ka ba da miliyoyi a miƙo maka waya ba abin ba ta abinci, kamar a sayar maka da doki a riƙe linzami. Ya ƙara da cewa sai da Tarayyar Turai ta kafa doka kafin a 2023 su haƙura su koma bakin caji irin na kowa. Ɗan Gayu zai bari ya gama, ya kurɓi shayi, sannan ya ce, "To ku da kuka yi musu dariya a kan caja, me kuka yi a 2021? Ba cirewa kuka yi ba? Kuma wace waya ce aka hana shiga jirgin sama da ita a 2016 saboda batirinta na kamawa da wuta? Faɗi sunanta da bakinka." Injiniya ba ya faɗa. Mu muke amsa masa baki ɗaya kamar 'yan makarantar allo: "Note 7!"

Sai Injiniya ya ɗaga yatsa sama, ya ce tasu tana zuƙo wata har ka ga ramukansa. A nan ma akwai magana, don a 2023 wasu sun nuna wa kyamarar hoton wata mai dishi-dishi a fuskar kwamfuta, ita kuwa ta fito da shi tas da ƙawar da babu ita a asalin hoton. Ashe wayar ta san kamannin wata tun a gida, tana ganin farin abu a duhu sai ta taya shi kwalliya. Baba mai gadi ya ce in haka ne a nesanta ta da kwamitin ganin wata na Sarkin Musulmi, kada ta sa mu yi sallah ana sauran azumi biyu.

Ranar da na kasa haƙuri na ce musu, "Jama'a, kun san yawancin gilashin fuskar iPhone, wanda ke nuna hoton, Samsung ce ke ƙera shi ta sayar wa Apple? Idon kyamarar kuma daga Sony ta Japan. Haɗawar a Chaina da Indiya ake yi." Aka yi tsit. Wato su can akushi ɗaya suke ci, kowa ya suɗe hannunsa ya tafi banki, mu nan mun raba gari biyu, har wani ya daina amsa sallamar wani. Ɗan Gayu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, kai matsalarka karatu." Injiniya ya goyi bayansa. Wannan ne karo na farko da suka haɗu a kan magana ɗaya, kuma a kaina aka haɗu.

Abin da ya fi ba ni dariya ba ya wuce teburin kansa. In ka ƙirga wayoyin da aka zube kusa da gwangwanin madara, Tecno ce, Infinix ce, itel ce. A ƙarshen benci ma akwai ƙaramin musu na masu ƙaramin ƙarfi, tsakanin ɗan Tecno da ɗan Infinix, su ma har da nuna wa juna yatsa. Ba su san 'yan gida ɗaya ba ne. Dukansu ukun ubansu guda, kamfanin Transsion da ke Shenzhen a Chaina. Su ne suka zauna suka karance mu: suka ga ba ma yarda da layi ɗaya, suka ba mu gurbin layi biyu, suka ga wuta baƙuwa ce a wurinmu, suka ƙara girman batir, suka ga baƙin mutum in an ɗauke shi hoto da dare haƙora kawai ke fita, suka gyara kyamara ta san fatarmu. Amma ba ka taɓa jin wani ya tashi tsaye ya yi wa irin wannan waya kirari ba. Uwargida ce: ita ke tuƙa tuwo, ita ke kai yara asibiti, hira kuma duk ta amaryar da ba a ko kai kuɗin gaisuwarta ba.

Ba yau muka fara ba. A 2001 da wayar salula ta shigo, layi kaɗai ya kai naira 20,000, mai waya a ƙugu yake rataye ta, ya ɗage riga don kada ta ɓuya. Aka zo zamanin BlackBerry, wanda ba shi da fin na BBM, manhajar hirarta, ba a lissafa shi cikin samari. Yau ina take? Tun 2019 aka rufe wa jama'a BBM ɗin ma. Dawakan ne ke sauyawa, 'yan kallon hawan muna nan inda muke a bakin hanya.

To ana cikin haka, wani daren Alhamis, sai ga wani yaro ɗan unguwarmu ya iso, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihu. Ya yi sallama, ya zauna, ya zaro ta, ya kife a tebur. Ruwan goro. Ido uku. Mai shayi ya tsaya da buta a sama har ruwan zafi ya zuba a ƙasa. Ɗan Gayu ya goge hannunsa a riga sau biyu kafin ya ce, "Ƙanena, a taɓa?" Ya ɗauke ta da hannu bibbiyu kamar jaririn da aka miƙo ranar suna. Ya juya ga Injiniya: "Yau gani ya kori ji. Ji nauyi. Ji sanyi. Kai, ko ƙamshinta daban ne." Har shinshinawa ya yi, wallahi a gabana. Baba mai gadi ya leƙo ya ce in don launin ne, shi shekara arba'in yana da shi a haƙora, kuma goron naira hamsin ya ishe shi.

Aka tambayi yaro nawa ya saya. Ya ce sirri ne, amma ya samu sauƙi wurin wani mutumin kirki. Jin kalmar sauƙi, sai ɗan yayan Injiniya, wanda ke gyaran waya a kasuwar Farm Centre kuma ya zo karɓar saƙo ne kawai, ya ce, "Kawu, miƙo min ita in gani." Bai kunce komai ba. Kyamara ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan ido ɗaya. Hoto na nan. Ya matsa kan wani. Hoto na nan. Ya rufe na ƙarshe, sai fuskar waya ta yi duhu. Ya ajiye ta a hankali ya ce, "Ido ɗaya ne mai gani, biyun na ado ne. Wannan XR ce ta 2018, riga aka sauya mata." Ashe sana'a ce mai zaman kanta: a ɗauko tsohuwa mai ido ɗaya, a zare ta daga jikinta, a zura ta a sabon jiki mai ruwan goro, a manna mata makafin idanu biyu. Tsohuwa an sha lalle, an ja gira, an fito a amarya.

Na ɗauka a nan musu zai mutu. Ina! Injiniya ya miƙe yana dariya har hularsa ta faɗi. Ɗan Gayu ya yi shiru na ɗan lokaci, mutumin da ya gama shinshina ƙamshin 2025 a jikin wayar 2018, sannan ya gyara zama ya ce, "To ai ka ga inda aji yake. Ka taɓa jin an ɗinka wa wata waya rigar taku?" Aka koma ruwa tsundum. Yaron kuwa ko a jikinsa. Ya ce shi dama ya sani, kuma gidan su yarinyar da yake zuwa zance ba mai ɗora yatsa a kan kyamara. Ya nemi a ba shi aron waya ya yi filashin, don tasa ba kati, cajinta kuma saura kashi huɗu. Baba mai gadi ne ya miƙa masa rakani-kashinsa, wadda rabonta da caji tun ranar Lahadi. Mai shayi ya jawo littafin bashi ya rubuta masa shayi da biredi, ya ce tunda mai miliyan biyu ne ya sa masa har da ƙwai.

Ni dai na yi ta yi musu dariya har na isa gida. Da na kwanta kuma sai abin ya riƙa yi min yawo a ka. Akwai ɗaurin auren ɗan abokin aikina a ƙarshen wata, manyan mutane za su zo, kuma kowa zai kife tasa a kan darduma. Ranar Asabar da hantsi na sa hula na ja ta har gira, na hau a-daidaita-sahu zuwa Farm Centre, na ratsa masu "Oga me za a gyara?" da masu "kawo a yi musanye ka yi ciko", na samu ɗan yayan Injiniya a ƙarƙashin lemarsa. Na duba hagu da dama, na rage murya, na zaro tawa na ajiye masa. Na ce, "Ɗana, tsakanina da kai, nawa za a ɗinka wa wannan riga mai ruwan goro?"

Ya ɗauke ta, ya juya gaba, ya juya baya, ya girgiza ta a kusa da kunnensa, wani abu ya yi ƙara a ciki. Ya miƙo min da hannu biyu cikin ladabi.

"Baba, wannan ai ta wuce riga. Sai dai likkafani."