Albashin "Ba Za Mu Ɓata Ba"

Ranar Talata ɗan ƙanwata ya dawo Garu daga Malanbil baki har kunne, wai ya samu aiki a rumbun wani Alhaji mai shinkafa. Na ce, "Madalla, nawa ne a wata?" Ya ce, "Haba Kawu, ai ya ce ba za mu ɓata ba."

Kaf jihar Alibori babu albashin da ya kai wannan yawo. Tun Janairun 2023 gwamnati ta yanka mafi ƙarancin albashi jaka 52, amma Alhazan kasuwa suna da nasu kuɗin da bankin BCEAO bai san da zamansa ba. Kai shi wurin mai koko ka ga ko za ta ba ka canji. Har ƙarin girma gare shi. Wanda ya shekara a ɗaga shi zuwa "ai kai ɗan gida ne". Wanda ya yi biyar ya taka matakin "ni zan yi maka aure". Fansho kuwa yadi biyar na shadda ranar Sallah, shi ma in albasa ta yi kuɗi.

Yaro ya kuskura ya nemi takarda, nan take ya zama marar kunya, boko ya ɓata shi, a aika a kira uwarsa. Mutumin da ke rubuta bashin rabin buhu a littafi har da kwanan wata, shi alƙalami ke yi wa nauyi in an zo kan gumin ɗan wani. Zalunci ne tsagwaronsa, kuma mu iyaye mu ke kai yaran da hannunmu muna cewa "ga amana nan".

'Yan boko ma su rage dariya. Tun dokar ɗaukar aiki ta 2017 ana iya sabunta maka kwantiraginka na wucin gadi (CDD) har furfura ta fito.

Masu kwalekwale kaɗai nake sara wa. Tun da aka toshe gadar Gaya a 2023 aka koma tsallaka kogi da kwalekwale, ba ka sa ƙafa a jirgi sai an gama ciniki: kai da kuɗinka, buhunka da nasa, babur da nasa. Sai dai su ma abin ya fara yawa. Ranar kasuwa a gabana aka karɓi kuɗin tunkiyar wani dattijo, yaron jirgi ya shafa cikinta, ya ce ciki gare ta, Baba a ƙaro dala ashirin.